Ranar da Na Mayar da Hanta

Ni dai tun ina ƙarama an san zuciyata a kusa take. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Baba kuwa dariya yake yi, ya ce a ƙyale ni, uwarsa ce ta dawo da halinta. Sunanta aka sa mini, shi ya sa har ya bar duniya bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata".

Baba mahauci ne ɗan mahauci, kuma shi ne sarkin fawan garinmu, wani ƙaramin gari a gefen kwari, ba nisa da Badaguishiri. Gajere ne kakkaura, mai ƙaramar murya. Duk ranar kasuwa da sassafe yana mayanka a tsaye. Ba a kwantar da dabba sai ya buɗe bakinta, ya duba idonta, ya shafa bayanta. In an feɗe kuma ya duba hanta da huhu, sannan ya ce a kai rumfa. Mahauta tara ne a kasuwar, kuma duka taran a hannunsa suka koyi riƙon wuƙa.

Akwai abin da suke yi masa da na tashi na tarar. Duk wanda ya yanka ranar kasuwa, zai yanki kan hanta, wani ya haɗa da ƙoda, ya ajiye gefe. Rabon maigida ke nan. Babbansu shi ke tattarawa ya kawo gida da kansa bayan azahar, a naɗe cikin takardar buhun siminti. Kawu muke ce masa, ko da yake babu jini tsakaninmu. A lokacin da abin nan ya faru ya haura hamsin, gemunsa ya yi fari, yana da jikoki, amma a gaban Baba sai ya cire takalmi ya tsuguna. Baba zai miƙa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Allah shi yi albarka." Kawu ya ce amin, ya tashi. Ni a wurina nama ne kawai ake kawo mana, ban taɓa tambayar wani abu a kai ba.

Wajen shekarar dubu biyu da bakwai ne, mijina ya tafi cin rani Legas, na dawo gida zama har ya komo. A ranin nan ne ciwon ƙafar Baba ya tasa shi gaba. Da ma yakan taso masa sau ɗaya a shekara, ya yi kwanaki ya wuce. Wannan karon kuwa ya zo da zama. Sai ya wayi gari babban yatsansa na dama ya kumbura suntum, ya yi jajir yana sheƙi, in ka kai hannu kusa ka ji zafi kamar bakin murhu. Ko gefen zane ya shafe shi sai Baba ya yi ƙara. Mutumin da na taɓa gani bijimi ya haure shi a cinya ya tashi yana kakkaɓe riga! Daga yatsa ciwon ya hau idon sawu, daga nan ya leƙa gwiwa.

Kowa ya ce sanyin ƙashi ne. Wanzami ya zo ya yi ƙaho, ya yi tsaga. Aka gasa ƙafar da ƙasa mai ɗumi, Baba yana cije leɓe. Aka shafa man shanu, aka sha saiwoyi kala-kala. In ciwon ya lafa bayan kwana goma, sai a ce maganin ƙarshe ne ya yi aiki. Kafin a gama yabon mai maganin ya sake tasowa.

Kasuwa huɗu a jere Baba bai je mayanka ba. Abin da ya fi ciwon ci masa rai ke nan. Kowace safiyar kasuwa zai ce in kawo masa takalmansa. In ajiye a gabansa, ya zura ƙafar hagu, ya dubi ta dama, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce in mayar. An fara ƴan maganganu a gari, wai ko lokaci ya yi da za a nemi wanda zai riƙa tsayawa a madadinsa. Mun san in aka yi haka ya tashi daga aiki ke nan, kuma mun san ba zai daɗe ba in ya zauna.

Ni kuwa na ɗaura ɗamarar jinya. Mahautan nan da suka ga maigidansu a kwance, sai suka ƙara rabon. Ƙunshin da Kawu ke kawowa ya ninka: hanta, ƙoda, zuciya, wata rana har da ƙwaƙwalwa. In sa citta da kanumfari da masoro, in yi farfesu wanda maƙwabta ke leƙowa ta katanga suna tambayar mi ake dafawa. In zauna a gabansa da kwano, in ce, "Baba, ci ka yi jini." In ya ce ya ƙoshi in ɓata fuska. Sai ya ce, "To, Uwata, ba ni," ya shanye romon don kada raina ya ɓaci. Abin da ya ragu in soya shi ya kai mu kwana uku. Wallahi a lokacin gani nake babu ɗiyar da ta kai ni kula da uba.

Da gwiwar ta kumbura ne Inna ta ce a tafi Konni. Ni aka haɗa da shi, don ni ce na yi lakwal, wato boko, zan iya karanta takardar magani. Muka shiga motar kasuwa, aka ba shi gaba, ƙafar a kan matashi. Duk ramin da direba ya faɗa sai na zazzaga masa masifa daga baya, har ya ce in na iya in zo in karɓi tuƙin.

Likitan saurayi ne dogo mai tabarau. Ya duba ƙafar bai ko matsa ba, ya sa aka ɗebi jini, muka jira har bayan azahar. Da muka koma ya tambayi sana'ar Baba, sannan ya ce, "Mi yake ci?"

Na gyara zama. Na shiga lissafa masa da alfahari, har da yadda nake haɗa kayan yajin. Ina cikin bayanin ƙwaƙwalwa na ga ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

Ya ce wannan ba sanyi ba ne, wuta ce. Da Faransanci ana ce masa gut. Ya ce akwai wani datti da jiki ke yi, mai kama da gishiri, wanda ke fita ta fitsari. Jikin wasu ba ya fitar da shi sosai, sau da yawa gado ne, kuma hanta da ƙoda da sauran kayan ciki suna ƙara shi ƙwarai. In ya yi yawa sai ya daskare a cikin gaɓa, ya zama ƴan tsinke-tsinke da ido ba ya gani. Ya ce amma ba tsinken kaɗai ke sa wannan azaba ba. A cikin ƙwayoyin jinin da ke tsaron jiki akwai wani ɗan abu mai gadi, aikinsa in ya ji baƙon abu ya yi kururuwa. In ya ci karo da tsinken nan sai ya ɗauka abokin gaba ne ya shigo, ya tara jama'a, su far wa wurin. Zafin, da jan, da kumburin, duk aikinsu ne. Babu ƙwayar cuta ko ɗaya a ƙafar, jiki ne ke faɗa a cikin gidansa. Ya ce masana ba su daɗe da gane mai gadin nan ba, ya juya takardar magani ya rubuta mini sunansa a baya: inflammasome. Takardar tana nan cikin akwatina har yau, ta yi ja.

Baba ya jinjina kai. Ya ce, "Wato mai gadin rumbu ne yag ga kunama, yas sa ma rumbun wuta."

Likita ya yi dariya ya ce ko shi bai iya faɗinsa haka ba.

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Likita, ke nan ni ce nike ta kashe shi?"

Ya ce a'a, ba ni na kawo ciwon ba, da ma yana jikinsa. Amma itacen da nake turawa ya isa haka. Ya rubuta ƙananan ƙwayoyi na kwantar da mai gadin in ya tashi, da wasu da za a fara daga baya a riƙa sha kullum don rage dattin. Ya ce ya sha ruwa da yawa, nama kaɗan, kayan ciki kuwa ko ɗanɗane.

A mota na yi kuka na ƙoshi. Baba bai waiwayo ba sai da muka wuce Malbaza. Ya ce, "Uwata, maganar hanta ki bar ta hannuna. Kin ji ko?" Na ce na ji.

Ranar kasuwa ta zo, Kawu ya kawo ƙunshinsa. Ina laɓe ina jiran in ji Baba ya yi masa bayani. Ina! Hannu biyu ya miƙa ya karɓa ya sa albarka, suka yi hirar tsadar shanu, Kawu ya tafi. Na ce ni kam ba zan dafa ba. Baba ya sa Inna ta gasa masa yanka biyu, wai ba a karɓar abin mutane a ƙi sa shi a baki. Bayan kwana biyu ƙafar ta sake tashi. Ko hantar ce, ko da ma zai taso, oho. Ni dai na ga uban da na kai Konni yana juyi a tabarma yana kiran sunan Allah, raina ya yi baƙi ƙirin.

A makon ne ɗiyar ƙanwar Inna ta haihu a Tajaye, Inna ta tafi sai bayan suna. Gida ya rage daga ni sai Baba.

Kasuwa ta zagayo. Bayan azahar Baba ya samu barci, abin da ya yi kwanaki bai samu ba. Na ji sallamar Kawu, na yi wuf na tare shi a zaure. Ya miƙo ƙunshin yana tambayar mai jiki. Ban karɓa ba. Na sa bayan hannu na tura masa.

Na ce, "Kawu, ku koma da abinku. Gidan ga an daina karɓa."

Ya dube ni kamar bai ji Hausar ba. Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Can ya ce a hankali, "Maigida ne yac ce?"

Da na ce a'a, da na ce likita ne ya hana, da magana ta ƙare a nan. Amma na san in na ce ni ce, zai yi dariya ya wuce ni ya shiga. Sai na ce, "I, shi yac ce."

Kawu ya rungume ƙunshin a ƙirji, ya juya. Har ya kai ƙofa ya dawo ya ɗauki takalmansa da ya manta. Na koma ciki ina jin kaina jaruma. Da Baba ya farka ya tambaya, na ce yau ba a kawo ba.

Washegari ba a hura wutar tsire a bakin tasha ba. Jibi ma haka. A rana ta uku mata a bakin rijiya suna ta mita, wai gari ba nama ko na sa wa a miya, mahauta sun naɗe wuƙaƙensu, an tambaye su sun ƙi magana. Na sha jinin jikina, amma na yi gum, na ɗauki tuluna na wuce. Kullum da la'asar Baba zai ce, "Kawunki bai leƙo ba?" In ce wataƙila aiki ne ya yi masa yawa. Abin haushin kuma, a makon nan ƙafar ta yi ta saɓewa. Yana shan ƙwayoyinsa, ina ɗura masa ruwa, tuwo da miyar kuka ba ko ƙashi. Sai na riƙa ce wa kaina ai ga shi nan, gaskiyata ce.

Inna ta dawo ana gobe kasuwa. Tun a mota ta ji labari. Ko mayafi ba ta cire ba ta ja ni bayan rumbu.

Ta ce, "Ke, mi kinka yi ma Kawunki?"

Na gaya mata, har da ɗan ɗaga kai. Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ce, "Kin san mi an nan mai da hanta? In maigida ya mai da hantar mahauci, ya zare hannunai daga kanai ke nan. Ya janye albarka. Wanda anka yi ma haka ba shi ƙara taɓa wuƙa sai an yahe mai. Tun da nike gidan ga sau guda na gani, wani ne da yas sai da mushe, kuma barin garin yay yi. Ke kin mai da ta mutum tara rana guda!"

Na ce ai ban sani ba. Ta ce, "Da yac ce ki bar ta hannunai, Faransanci yay yi miki?"

Ita ta shiga ta gaya masa. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran a kira ni a yi mini tatas, wallahi da ya fi mini sauƙi. Bai kira ni ba.

Da gari ya waye ya ce, "Uwata, kawo mani takalmana."

Na kawo. Ya zura ta hagu. Ta dama ta ƙi shiga, don da sauran kumburi. Ya ce in miƙo masa wuƙarsa, ya yanke igiyar takalmin ta sama, ya ɗaure da tsumma. Inna ta ce a nemo amalanken jaki. Ya ce mutanen da aka wulaƙanta a ƙofar gidansa ba zai je musu a kan jaki ba. Ya dogara sanda ya fita, ya ce in biyo shi.

Tafiyar da yaro ke yi kafin ruwa ya tafasa, mun fi rabin awa muna yinta. Yana taku yana tsayawa, zufa na bin wuyansa. Sau biyu na kai hannu zan riƙe shi, ya girgiza kai.

Muka tarar da su su tara a ƙarƙashin itacen bedi na mayanka, a zaune. Dabbobin da masu su suka kawo suna ɗaure, ba wanda ya kula su. Kowa wuƙarsa a naɗe cikin tsumma a gabansa. Da suka hango Baba suka miƙe gaba ɗaya, sannan suka zube. Kawu ya cire hula. Ya ce, "Maigida, kwana bakwai muna bincikar kanmu. In mun yi laihi a hwaɗa muna, mu san abin da za mu roƙa."

Baba ya jingina da itacen yana mayar da numfashi. Ya ce, "Ba ku yi komi ba. Laihina ne. Likita ya hana ni hanta, ni kuwa kunya ta hana ni hwaɗi, wai a ce sarkin hwawa ba shi cin hanta. Shi ne saƙon yaz zo muku a karkace."

Rufa mini asiri yake yi, a gaban kowa, da ƙafa ɗaya. Sai halin nawa ya motsa. Na ce, "Ba haka ba ne! Baba bai aike ni ba, barci ma shikai. Ni ce na yi ƙarya da sunanai. Kawu, ni za ku yahe ma." Na durƙusa a ƙasar mayankan nan, ina kuka kamar ƴar yaye.

Sai na ji Kawu ya ja hanci, ya ce, "Ai ni na ce wannan tura hannun na san shi. Tsohuwar maigida ce sak, Allah shi jiƙanta. Ta taɓa kora ni da muciya." Aka fashe da dariya, wasu suna share ido da hula.

Baba ya yi musu bayanin ciwon, da tsinken, da mai gadin rumbu da kunamarsa. Fuskar Kawu ta canja. Ya ce, "Ashe da hannunmu muke ƙara ma wutar?" Baba ya ce, "Ku da Uwata duka. Ban taɓa ganin mutumin da anka so kamar ni ba, har ya kusa gurguncewa."

Wani daga cikinsu ya tambaya, to yanzu rabon fa, a daina? Baba ya ce wa ya ce a daina? A kawo kamar kullum, zai karɓa, zai sa albarka. Ya nuna ni da sanda. Ya ce, "Ci kuwa, ga wadda za ta ci mani. Tunda ita ta iya mai da wa, bari mu ga ko ta iya cinyewa."

Daga nan ya ce a kawo sa na farko. Ya ba ni sandar, ya tsaya da ƙafafunsa, ya buɗe bakin san ya duba.

Ya ƙara shekaru yana tsayawa a mayankan nan. Ciwon yakan leƙo jefi-jefi, ya sha ƙwayoyinsa, ya yi kwana biyu ya tashi. Ko da mijina ya dawo na koma ɗakina, duk ranar kasuwa bayan azahar ina gidanmu. In gasa hantar in zauna a gabansa, shi da kwanon furarsa. Ba ya yarda in ci a ɓoye. Yana kallo yana haɗiyar yawu, yana tambaya ko gishiri ya ji. Daga yankan kawai yakan gane ta wane ce, ya ce wannan hannun wane ne, har yau bai iya bin jijiya ba. In na ce na ƙoshi sai ya ɓata fuska irin tawa, ya ce, "Ci ki yi jini."

Ba ƙafar ce ta ɗauke shi ba, zazzaɓi ne na kwana huɗu, da damina. Kasuwar farko bayan an share makoki, muna zaune da Inna a tsakar gida bayan azahar, sai muka ji sallama a zaure. Muka dubi juna. Inna ta ce, "Tashi, ke aka jira."

Kawu ne, takalmansa a bakin ƙofa, ya tsuguna da ƙunshin takardar siminti. Na miƙa hannu biyu na karɓa. Hantar da ɗuminta. Shi kuma bai tashi ba, kansa a sunkuye.

Ya ce, "Hwaɗi mana, Uwarmu. Ba ni tashi sai kin hwaɗi."

Na ce, "Allah shi yi albarka."

Ya ce amin.